The Lady Eve: fim ɗin 1941 ya burge ni, kwafin da aka tura min ya ɓata min rai

Ba shi na je nema ba. Wani tsohon fim ɗin Indiya nake so, yaron da ke tura fina-finai a shagon ya ce babu, sai ya ce, "Hajiya, ga wani na Amurka, baƙi da fari ne, amma wallahi za ki yi dariya." Kuɗin kun san shi, bai taka kara ya karya ba, na ce ya tura. Ya yi kusan mako a wayata ban buɗe ba, don a zatona fim ɗin da ya girmi mahaifiyata ba abin da zai ba ni sai hamma.

Ashe ban sani ba. Preston Sturges ne ya rubuta kuma ya ba da umarni, a 1941. Barbara Stanwyck ta fito a matsayin Jean, 'yar damfara da ke yawo a jirgin ruwa tare da ubanta suna yashe attajirai da karta. Henry Fonda kuwa shi ne Charles Pike, ɗan mai kamfanin giya, wanda bai san komai ba sai macizai, ya dawo daga shekara guda a dajin Amazon. Tun yana hawowa jirgin ta sako masa tuffa a ka. Daga baya ta zauna a ɗakin cin abinci da ɗan madubinta na kwalliya, tana kallon yadda 'yan mata ke ta kai gwauro suna kai mari don ya dube su, shi kuwa kansa na cikin littafi. Da ya zo wucewa sai ta miƙa ƙafa kawai, ya kife, ta kuma ɗora masa laifin karya mata dunduniyar takalmi.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne teburin karta. Zuwa lokacin Jean ta riga ta kamu da son mutumin da ta zo cuta, ta faɗa wa ubanta ya ƙyale shi, tsohon ya ƙi. Suka zauna su uku. Uban, Charles Coburn ne ya fito a matsayinsa, ya zaro katin da ya ɓoye, ita ta lalata masa shiri. Ya sake zaro wani, ta sake karya shi. Duk wannan yaƙin ana yin sa da murmushi da ladabi, ba wanda ya ɗaga murya, Charles Pike na zaune tsakaninsu yana jin daɗin wai yana da sa'a. Sau uku na mayar da wurin nan baya. Ku dubi idon Stanwyck lokacin da take kallon ubanta: akwai ƙauna, akwai gargaɗi, akwai tsoro. Ni ba mai son caca ba ce ko a fim, amma ban taɓa ganin an nuna mace ta zaɓi namiji a kan sana'ar gidansu ba tare da ta furta kalma ɗaya ta soyayya ba sai a nan. Tana tashi daga teburin kuma tsohon ya cinye Charles Pike dala 32,000. Raina ya sosu sosai, domin ta riga ta yi niyyar faɗa masa gaskiya, sai hoton da ke tona asirinsu ya riga ta isa hannunsa. Yadda ya wulaƙanta ta da safen nan, har ƙanwata da ke gefe tana danna waya sai da ta ce, "Yaya, wannan mutumin bai kyauta ba."

Da a nan na tsaya da na ba shi tauraro biyar. To amma daga inda Jean ta dawo da sunan Lady Eve, wai 'yar sarautar Ingila, ta shiga gidan su Charles a Connecticut don ɗaukar fansa, rubutun da ke ƙasan hoton ya fara makara. Baki ya gama motsi, sai rubutu ya biyo baya. Fim ne da magana ke gudu kamar ruwan sama, idan rubutu ya makara an kashe rabin daɗin. Mafi ciwo shi ne daren amarcinsu a jirgin ƙasa, inda take lissafa masa samarin ƙarya ɗaya bayan ɗaya har ya tattara kayansa ya sauka ya zame cikin taɓo. Nan ne sautin ya ɗauke min gaba ɗaya na kusan minti biyu. Na koma shagon, yaron ya ce haka ya same shi. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Kuma tunda na fara, bari in faɗi wanda ba laifin kwafi ba ne. Wautar Charles ta yi yawa a rabi na biyu. Mace ɗaya, fuska ɗaya, murya kawai ta sauya, ya ce ai kamar ta yi yawa shi ya sa ba za ta zama ita ba. Muggsy mai tsaronsa yana ta nanata masa cewa ita ce, bai ji ba. Har fim ya ƙare a jirgin ruwa, ya rungume Jean yana murna, bai gane matarsa ce ba, bai kuma nemi gafararta yadda ya kamata ba. Ita da ta ƙi karɓar ko sisi daga dukiyar ubansa a maganar saki ta fi ƙarfin wannan.

Tauraro huɗu ga fim ɗin, ɗaya ga kwafin. Idan za a tura muku, ku ce a buɗe wajen jirgin ƙasan a gabanku ku ji sautin kafin ku biya.