Shekara biyu ina ajiye bincikena a OSF

Tambaya guda ce ta kai ni ga OSF (Open Science Framework), shafin intanet da masu bincike ke ajiye bayanan aikinsu. Wata abokiyar aikina ta karanta maƙalar da na rubuta kan yadda gishiri ke rage tsirar iri, ta ce in nuna mata inda na samo adadin da ke jadawali na uku. Na buɗe kwamfuta na tarar da fayil huɗu masu suna kusan iri ɗaya. Na sake lissafi da kowannensu, babu wanda ya ba ni wannan adadin. Sai bayan kwana biyu na tuna akwai farantan gwaji shida da fumfuna ta kama, na cire su daga lissafi, ban rubuta a ko'ina ba. Cire su daidai ne. Amma abin ya tsaya mini a rai: ni da na yi aikin da hannuna na kasa maimaita shi, ina ga wanda maƙalar kawai ya karanta?

Ba ni kaɗai ba ne. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, sama da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa kasa maimaita gwajin wani, fiye da rabi kuma sun kasa maimaita nasu na kansu.

OSF shafi ne na intanet da cibiyar Center for Open Science ke gudanarwa, wadda Brian Nosek da Jeffrey Spies suka kafa a 2013 a Amurka. A kansa aka tsara aikin nan da ya fito a mujallar Science a 2015, inda masana 270 suka sake gudanar da bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam. A na asali, 97 sun ba da sakamako mai ƙarfi a ma'aunin ƙididdiga. Da aka maimaita, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka kai wannan matsayi.

A OSF mutum yana buɗe aiki, ya ɗora bayanansa da hanyoyin gwajinsa da lambobin manhajar lissafi. In ya sake ɗora fayil da suna ɗaya, tsohon ba ya ɓacewa, yana nan a ƙasa da ranar da aka sa shi. Wannan kaɗai ya raba ni da matsalar fayil huɗu. Akwai kuma mahaɗi mai ɓoye sunayen marubuta, wanda nake tura wa masu tantance maƙala.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne rajistar tsarin bincike tun kafin a fara. Kafin in jiƙa ƙwayar iri ko ɗaya a gwajina na gaba, na zauna na rubuta hasashena, da yawan farantan da zan yi amfani da su, da irin lissafin da zan yi, da sharaɗin da zai sa in cire faranti. Na danna, shafin ya kulle takardar da kwanan wata. Daga nan ba a gogewa. Ana iya ɓoye ta daga jama'a har shekara huɗu, ga mai tsoron kada a riga shi, kuma in an janye ta alamar cewa ta taɓa wanzuwa tana nan.

Ranar da sakamako ya fito na san amfaninta. Bambancin da nake fata bai kai ba, ya rage kaɗan. Ina kallon allo na ga faranti biyu da adadinsu ya fita daban da na saura. Da na cire su, da lissafin ya faɗo inda nake so, kuma zuciyata ta riga ta fara kawo mini dalilai masu kyau. Na buɗe abin da na rubuta wata huɗu baya: fumfuna ko fashewar faranti, iyakar sharaɗin ke nan. Waɗannan biyun lafiyarsu ƙalau. Na bar su, na rubuta sakamakon yadda ya zo. Ban ji daɗi a ranar ba, amma yau ita ce maƙalar da nake tsayawa a kanta ba tare da fargaba ba.

OSF yana da iyaka, kuma ya kamata mai shirin amfani da shi ya sani. Ma'ajiyarsa gigabait 5 ce ga aikin da ba a buɗe wa jama'a ba, 50 ga wanda aka buɗe, don haka mai hotunan madubin ƙara girma masu nauyi sai ya haɗa da Google Drive ko Dropbox. Ajiya yake yi, ba ya gudanar da lissafin, saboda haka dole ka rubuta zubin manhajar da ka yi aiki da ita. Kuma ba zai cike maka abin da ka yi shiru a kai ba. Aikin da cibiyar ta jagoranta kan binciken ciwon daji, wanda aka kammala a 2021, ya yi niyyar maimaita gwaji 193 daga maƙala 53, aka iya 50 kawai. Babu ko ɗaya cikin 193 ɗin da bayaninsa ya wadatar ba tare da an koma ga marubutan ba.

A watan jiya wani ɗalibi ya sauke fayilolina, ya bi lissafin daga farko, ya sami adadin da na samu. Abu ɗaya ya dawo ya tambaye ni: a wane ma'aunin zafi na ajiye farantan da dare? Ban rubuta ba. Na duba littafin ɗakin gwaji, na samo, na ƙara shi a shafin a daren.