Taliyar soba a kan faifai: abin da muka ci a Togakushi

A wani ƙarshen mako na watan Nuwamba ni da maiɗakina muka bar hayaniyar Tokyo zuwa Togakushi, wani ƙauye da ke cikin duwatsun lardin Nagano na ƙasar Japan. Jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu birnin Nagano cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga nan bas ta yi ta hawa da mu har kusan awa guda. Mun zaɓi lokacin ne da gangan, domin a kaka ake girbe soba, wato ƙwayar nan mai kusurwa uku da ake niƙawa a yi taliya da garinta, kuma ƙauyen ya yi suna a wannan sana'a.

Gidan abincin da muka shiga ƙarami ne, na katako, ana cire takalmi a bakin ƙofa a zauna kan tabarma. Sai da muka yi fiye da minti 40 a layi cikin sanyi, kuma ba mu yi gunaguni ba, tun da ta bayan gilashi muna kallon mai gidan yana murza ƙullu yana yanka shi da wata faffaɗar wuƙa.

Kafin a kawo komai na tambayi ma'aikaciyar abin da ke cikin romon da ake tsoma taliyar, ta kuwa gaya mini gaskiya cewa ban da ruwan waken suya da busasshen kifi, akwai mirin, wani abin ɗanɗano na shinkafa da ke ɗauke da barasa. Da na bayyana mata cewa mu Musulmi ne, ba ta ɓata rai ba; ta janye romon, ta kawo mana gishiri da wasabi ɗanye, wata saiwa mai yaji, wanda muka goge da kanmu. Na ɗauka an rage mana daɗi, ashe gata aka yi mana. Taliyar ta zo da sanyinta, an naɗe ta ƙulli biyar a kan faifan gora kamar yadda al'adar ƙauyen take, kuma da yake babu romon da zai danne ta, sai ƙanshin ƙwayar ya fito sosai, wani ƙanshi mai kama da na sabon hatsi da aka sussuka. Tana da ɗan tauri a haƙori, ba ta narkewa kamar taliyar da ta wuce wuta. Soyayyen kabewa da ganyen daji da suka biyo baya ba su sha mai ba ko kaɗan.

Maiɗakina dai ta kasa zuƙar taliya da ƙara irin yadda maƙwabtanmu ke yi, domin tarbiyyar gida ta hana ta, ko da yake a can ba rashin ladabi ba ne.

Inda na ga gazawa shi ne yawan abincin. Wanda ya saba da malmalar tuwo zai tashi da sauran wuri a cikinsa, don haka gara ya nemi babban faifai tun farko. Ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi, kuma zaman ƙasa na tsawon lokaci zai wahalar da mai ciwon gwiwa. A ƙarshe an kawo mana ruwan da aka dafa taliyar a cikin ƙaramar buta, muka ɗan barbaɗa gishiri muka sha da zafinsa kafin mu fita neman bas ɗin yamma.