Drama Village ta ABU Zariya: dandalin da ba ya rufa wa ɗan wasa asiri

A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai dandalin wasan kwaikwayo na ginin ƙasa, wanda kowa ke kira Drama Village. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi, lokacin da wani malami mai suna Michael Etherton ya kafa darasin wasan kwaikwayo a jami'ar. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya zana, maginan gargajiya suka ɗora tubali. Fasalin gidan Bahaushe aka ɗauko: zagayayyun ɗakuna da katanga ta haɗe su, tsakar gida a buɗe ba rufi. Nan ɗaliban sashen wasan kwaikwayo ke atisaye, nan kuma suke nuna wa jama'ar gari abin da suka koya.

Babban amfanin wurin shi ne kusanci. 'Yan kallo na iya kewaye fili, na gaba har yana jin numfashin ɗan wasa. Babu labulen da za a ɓuya a bayansa. Wanda bai haddace zancensa ba, ko yake jiran a raɗa masa, nan take asirinsa zai tonu. Dole kuma murya ta fito daga ciki, ba daga maƙogwaro ba, don babu rufin da zai dawo da ita. Sabon ɗalibi yakan ɗauka ihu ake so, sai muryarsa ta dushe tun wasa bai kai rabi ba.

Tsarin tsayuwa ma daban ne. Duk inda ɗan wasa ya fuskanta, ya ba wasu baya, saboda haka ba a barinsa ya kafe wuri ɗaya fiye da jimla biyu ko uku. Mutum biyu masu zance a karkace suke tsayawa, da tazara tsakaninsu, yadda kowane ɓangare zai ga fuskar ɗaya aƙalla. Kayan wasa gajeru ake so: tabarma, turmi, kujera 'yar tsugunno. Ƙungiyar da ta taho da dogon allon katako mai zanen falo ta yi asarar kuɗin mota, domin tare wa rabin jama'a gani zai yi. Fitila kuwa daga sama ake sako ta. In aka dasa ta daidai ido, mutanen da ke ɗaya gefen za ta kashe wa ido. Janareta a kai shi nesa da katanga, a ƙaro waya.

Inda wurin ke da rauni shi ne yanayi, kuma wannan halin kowane buɗaɗɗen dandali ne. Daga Yuni zuwa Satumba sa ranar wasa ganganci ne, musamman a Agusta. Ko ruwa bai sauko ba, laima na sassauta fatar kalangu da ganga, sai an gasa su kafin su yi amo. A Disamba da Janairu kuma hunturu ne: ƙura na busar da maƙoshi, sanyin dare na korar 'yan kallo, don haka a taho da rigar sanyi da ruwan ɗumi. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi daɗi. Wasan da ya ratsa Magariba ma yakan rasa jama'a. Ko dai a gama kafin kiran salla, ko a fara bayan Isha'i. Shi kansa ginin ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina da sa ido kan gara.

Abin da ya fitar da sunan Zariya, a ganina, ya wuce ginin. Daga nan ne aka riƙa fita da wasa zuwa unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Bomo. Ɗalibai kan zauna da mutane su ji damuwarsu, taki ne ko ruwan sha ko rikicin gona, a zaɓi matsala ɗaya, a ƙulla labari ba tare da rubutu ba, a yi atisaye da mutanen garin, a nuna a dandali, sannan a buɗe tattaunawa. Matakin farko shi ke kayar da mutane. In an yi gaggawar sauraro, ko an shiga gari ba a gai da mai gari ba, wasan kan koma wa'azin 'yan boko, jama'a su yi dariya su watse.

Mai sha'awar karatun ya sani cewa digiri ne na shekara huɗu, kuma ana neman adabin Turanci a sakamakon sakandare. Wanda burinsa kyamara da tace hoto ne don shiga Kannywood, makarantar koyon fim ta Jos ta fi dacewa da shi. Wanda yake son ya iya tsayawa gaban taro da murya da jiki kawai, ya fara da zuwa kallon wasan ɗalibai na ƙarshen zango, ya zo da wuri ya kama layin gaba.