Karatun injiniyan lantarki a babbar jami'ar gwamnati: yadda na same shi

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wannan ba na musu. Amma duk wanda ya shiga sashen injiniyan lantarki yana tsammanin ranar farko za a miƙa masa waya da filaya ya fara haɗa wuta, to ya gyara zama. Kusan shekara biyun farko lissafi ne da fizis, sai ɗan zanen injiniya da kimistiri, kuma a ɗaki ɗaya da 'yan sauran sassa. Ɗaruruwan ɗalibai, malami ɗaya, lasifika ɗaya. Wanda ya makara ya samu kujerar baya, allo ma da ƙyar zai hango.

Lissafin nan da mutane ke kuka da shi, ni ban ga laifinsa ba. Injiniyan gini yana ganin gadarsa, makanike yana taɓa injinsa, mu kuwa abin da muke karanta ba a ganin sa da ido, sai ta lambobi. Ana farawa da ƙa'idojin gudanar wuta a waya, dokar Ohm ta 1827, sannan dokokin Kirchhoff guda biyu na 1845, waɗanda ya fitar shi ma yana ɗalibi, abin da ba ya yi wa ɗalibi daɗin ji a daren jarrabawa. Har nan da sauƙi. Sai an shigo wutar da ke kai da komowa, sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a Amurka, kai ke fara ɗaukar zafi. A nan ne mutum zai gane cewa bolt 230 da aka rubuta a jikin kayan wuta wani irin matsakaici ne, ƙololuwarta tana kai kusan 325, kuma layuka ukun da ke kan manyan turaku kowanne yana bin bayan ɗan'uwansa da digiri 120.

Kwas ɗin da ya fi kayar da mutane a ajinmu shi ne na maganaɗisun lantarki. Faraday ya nuna a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da wuta, Maxwell ya zuba abin cikin lissafi a 1865, daga baya Heaviside ya taƙaita shi zuwa layuka huɗun da ake koyarwa yau. Layi huɗu kacal, amma zango guda cur ana fama da su. Malamin da ya ɗauke mu dattijo ne, ba ya duba takarda, kuma ya iya sauko da abu ƙasa har ka ga taransifoma da eriyar rediyo duk daga tushe ɗaya suka fito. Irin waɗannan malamai su ne babbar ribar jami'a mai girma. Sai dai ba za su neme ka ba. Ba su san sunanka ba, ba kuma za su sani ba sai ka riƙa zuwa ofis da tambaya a hannu. Akwai kuma waɗanda ke karanto tsohon rubutunsu kalma da kalma su fita, kuma tun da jarrabawar ƙarshe ce ke ɗauke da mafi yawan maki, haddar tsofaffin tambayoyi tana sa mutum ya ci jarrabawa. Na ga masu sakamako mai kyau da ba su iya riƙe mitar auna wuta ba.

Inda cunkoso ya fi cutarwa shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Ana raba ku rukuni-rukuni, tebur ɗaya, osiloskof ɗaya, wato na'urar da ke nuna siffar wuta a allo. Mutum ɗaya ya haɗa wayoyi, ɗaya ya karanto lamba, sauran su kwafa su koma su rubuta rahoto. Idan ba ka da naci, za ka gama zango hannunka bai taɓa komai ba. Kayan aikin da yawa sun tsufa, wasu sun mutu an jingine su. Duk da haka, ɗakin manyan injuna shi ne wurin da na fi so, domin tsufa ba ya hana taransifoma koyar da darasi. A takarda an ce inji mai kawunan maganaɗisu huɗu, a wuta mai kai da komowa sau 50, filin maganaɗisunsa yana juyawa sau 1500 a minti. Ka kunna shi, ka auna gudun sandarsa, ka ga ta ɗan gaza haka, ka ɗora masa nauyi ka ga ta ƙara raguwa. Wannan ɗan giɓin da aka yi ta maimaita mana a aji, a ranar ya zauna mini.

Masu kula da ɗakunan nan, waɗanda ba farfesoshi ba ne, su ne suka koya mana abin da littafi ya yi shiru a kai: yadda ake liƙa waya da dalma ba tare da an ƙona taransista ba, da cewa babbar kafasita, wato ma'ajiyar caji, tana riƙe da wuta ko bayan an kashe makunni, da dalilin da ya sa na'urar kare rai ke katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Wanda ya girmama su, sukan buɗe masa ɗaki bayan an tashi.

Manhajar kam tana jan ƙafa. An koya mana yarukan kwamfuta na C da MATLAB, amma rabin abin a kan allo aka yi shi. Inbata da wutar sola da batura, waɗanda kasuwar aiki ke nema, an taɓa su sama-sama. Abin da ya cike mini giɓin shi ne LTspice, manhajar gwada haɗin wuta a kwamfuta wadda kyauta ce, da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino, da 'yan ajin gaba da ke shirya mana bita da yamma a reshen ɗalibai na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya. Watannin sanin makamar aiki a masana'anta da aikin kammalawa na shekarar ƙarshe su ma sun yi amfani sosai, muddin mutum ya gina abinsa da kansa bai saya ba.

Harkar ofis kuwa, layin rajista da sakamakon da ke ɓacewa sai an bi sawu, sai haƙuri.

Girman makarantar yana da wata fa'ida da ƙaramar jami'a ba ta cika samu ba: akwai malamai a kowane reshe, daga samar da wuta da rarraba ta, zuwa sadarwa, ƙananan na'urori, da sarrafa injuna, don haka mutum zai ɗanɗana kafin ya zaɓa. Kuɗin makaranta ma ya fi na masu zaman kansu sauƙi, kuma tsofaffin ɗalibanta suna ko'ina a wuraren aiki.

Wanda ke shirin nema, ya fara tabbatar da cewa hukumar injiniyoyi ta ƙasarsa ta tantance sashen, domin rajistar aiki daga baya a kan haka ta dogara. Mai niyyar fita waje ya duba ko hukumar tana cikin yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ke sa ƙasashen da suka sa hannu su amince da digirin juna. Sannan ya samu ɗan aji uku ya tambaye shi mutum nawa ke zama a tebur ɗaya ranar gwaji.