Na biya jika 50 an duba mini gida da fen-shuwi a Yamai, ga yadda muka ƙare

Tun da na sa hoton sabon biro ɗina, wato ɗakin aikina, a status mutane ke damuna da wa ya jera maka wa ya jera maka, to bari in yi bayani sau guda kowa ya huta. Wata yarinya ce da ta yi karatun zanen gini a ƙasar Sin da burs, ta dawo tana aikin gyaran ciki na gidaje, kuma tana haɗawa da abin nan na mutanen Sin da ake kira fen-shuwi, wato dabararsu ta zaɓen wuri da jera gida. Ba zan faɗi sunanta ba tunda akwai yabo akwai suka a maganata. Madam ce ta samo lambarta wajen ƙawarta, ni da farko na ce a'a, kuɗin gida ma da ƙyar muka haɗa sai kuma in biya wata ta gaya mini inda zan aje tebur?

Kalmar dai ma'anarta iska da ruwa, fen iska shuwi ruwa. Sun ce akwai wani ƙarfi mai yawo cikin wuri da suke kira ci, ba cin tuwo ba fa, iska na watsa shi ruwa na tsare shi, kuma asalin abin wajen zaɓen wurin kabari da wurin kafa gari ya faro. Jika 50 muka yi ciniki, ta raka mu gidaje 3 da dillali ya nuna mana sannan in mun saya ta jera ɗakin aikina, don ni lissafi nake yi ma ƴan kasuwa daga gida.

Gida na farko a Harobanda ne wajen Lamorde, ga araha ga iskar kogi. Na ɗauka za ta yi murna tunda na ji ana cewa su ruwa a gaban gida arziki ne, sai ta yi dariya ta ce tonton wannan dokar ta ƙasar Sin ce. Can ana son dutse a baya ruwa a gaba gida ya kalli kudu saboda iskar sanyi mai kisa daga arewa take zo musu, rana kuma ta kudu take shigowa lokacin sanyi, ta ba ni misali da fadar sarakunansu ta Bejin da aka gama a 1420, kudu take kallo kuma tudun da ke bayanta da hannu aka tara shi da ƙasar da aka haƙo. Ta ce mu nan ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take, hadari daga gabas, zafin yamma shi ke dafa ɗaki a watan Afrilu, ruwa a gaba kuwa tambayi waɗanda madatsa ta ɓalle musu a 2020. Daga nan na fara saurarenta da kunne biyu gaskiya.

Na biyu a Banifandu shi ne ya fanshi kuɗina. Gida mai kyau an shafe shi da sabon fenti ja-ja, amma wata hanya ta miƙo ɗoɗar ta ƙare daidai bakin get ɗin. Ta ce a wajensu wannan kibiya ce an auna gida, ba a so. Ni ina shirin cewa camfi sai ta tsuguna gindin katanga ta ciro makullin babur ɗinta ta kankare fentin kaɗan, ga simintin ƙasa ya yi baƙi yana marmashewa har kusan gwiwa, ta ce dubi gangaren hanyar, duk ruwan layin nan da damina nan yake sauka, ga fitilar mota cikin tagar ɗakin kwana duk dare ga ƙurar ƴan kabu-kabu. Dillali ya hau rantse-rantse. Na tsallaka wajen mai shayin da ke kusurwa na tambaye shi, ya ce Alhaji duk Agusta da buhunan yashi suke tare ƙofar nan. Shike nan.

Na uku a Bobiyel muka saya, babu dogon labari, tudu ne, bangon yamma akwai dogon yaro biyu da ke ba shi inuwa, tagogi na fuskantar juna iska na ratsawa ko an ɗauke kuran. Takardu kam ta ce ba aikinta ba ne in je wajen noter, kuma na ji daɗin da ba ta yi mini ƙaryar ta iya ba.

Biro kuma. Ni shekara da shekaru teburina manne da bango nake sa shi, ƙofa a bayana. Ta juya shi, bango a bayana, ƙofa ina ganinta ta gefe amma ba ina zaune cikin bakinta ba, taga a hannun hagu. Wallahi abin kamar wasa, hasken da ke dukan gilashin ordinater yana sa ni ciwon kai ya tafi, yara sun daina shigowa ta baya suna firgita ni, kuma wanda ya fi mini komi, in ɗan kasuwa ya zo yana zaune gabana ba ya ganin lissafin maƙwabcinsa a allo. Ta matsar da ni daga ƙarƙashin fankar sama ma, ita tana cewa abu mai nauyi bisa kai yana danne ci, ni dai na san rasit ɗina sun daina tashi. Ta sa na fitar da kwali 4 na tsoffin takardu, wannan madam ta fi ni murna.

To sai inda muka ɓata. Rana ta ƙarshe ta zo da wani faifai ja mai allurar busol a tsakiya da rubutun Sin zagaye-zagaye, ta tambayi shekarar haihuwata ta yi lissafi ta ce ga kusurwar sa'ata ga ta asarata, sannan ta buɗe jaka ta fito da kwaɗo mai ƙafa 3 da kwabo a baki, da madubi mai kusurwa 8, da ƙaramar maɓulɓular ruwa ta lantarki wai a sa a kusurwar dukiya, duk na sayarwa ne kuma ba su cikin jika 50 ɗin. Na ce ƙanwata tsaya nan, iska da rana da gangaren ruwa na yarda don ido na ganinsu, amma arziki na Allah ne ban sa gunki a ɗakin da nake salla. Ba ta matsa ba amma fuskarta ta canja. Kuma ko a bar maganar addini, ruwa a kwano cikin ɗaki a Yamai da an ɗauke wuta ya tsaya ai gidan sauro ka gina ma kanka. Zancen launuka na itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa shi ma na ji ne kawai, fentin da ke da araha a Katako na saya.

Rahoton da ta ce kwana 3 sai da ya yi sati 2, da Faransanci zalla. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta auna kusurwa 8 da busol ɗinta amma ba ta duba alƙibla ba, alhali ita ma musulma ce. Inna ce ranar da muka tare ta leƙa bayi ta fito ta ce kai wannan masai gabas yake kallo, ba ku gani ba? Kunya ta kama ni.

In ana ba da maki zan ba ta 3 cikin 5. Wanda zai ɗauke ta ya kai ta kafin ya biya kuɗin gida ba bayan ba, da damina in da hali, kuma ya gaya mata tun a waya abin da ba ya so. Ni yanzu maso nake jira ya zo ya juya masai ɗin, ya ce jika 35 da kayan aiki, ina ta fama ya rage.