Na rage wa tayoyin motar rimot ɗina faɗi, ga abin da na gani bayan wata biyu

Motar tawa Axial SCX10 ce, irin mai hawan duwatsun nan da ake tuƙawa da rimot, girmanta kashi 1 cikin 10 na motar gaske. Son a sani ne ya sa na canja mata tayoyi, na sayo wasu manya masu faɗi na wili inci 1.9 don kawai sun burge ni a hoto. Ranar farko na gane kurena. Da na murɗa sitiyari har ƙarshe, sai tayar gaba ta riƙa gugar jikin motar, in kuma ta zo tsagar dutse sai ta bi ta kai ta zame, ba ta shiga ta kama ba.

Shi ne na ɗauko reza. Na zagaye tsakiyar kowace taya da biro, na yanke siririn zobe kamar milimita 6, na haɗa ɓarin biyu da supa gulu. Aikin na son haƙuri, domin sai haƙoran tayar sun haɗu daidai kafin ka ɗiga gam. Ta farkon ɓata ta na yi, ta fito a karkace tana rawa kamar tayar tsohon baro, ga yatsuna biyu a manne. Na kuma manta ban rage soson da ke cikin tayar a madadin iska ba, sai tayar ta kumbura ta yi tauri, ta ƙi lanƙwasa a kan dutse. Wilin kam ban taɓa shi da reza ba; na sayi sirara masu matse bakin taya da kusoshi, waɗanda ba sa buƙatar gam.

Sakamakon ya biya ni wahalata. Nauyin motar yanzu a ɗan ƙaramin wuri yake sauka, shi ya sa tayar ke cizon dutse. Akwai wata tsaga a fakon bayan unguwarmu da ta sha kayar da ni, yanzu motar na cusa taya ciki ta haye a hankali. Gugar jiki ta daina, kwana kuma ta yi kaifi.

Amma a yashi ta koma baya, nutsewa take yi. A gangara ma, in ta bi ta gefe, tana saurin tuntsurawa fiye da da, saboda sabon wilin ya ɗan janyo tayoyin ciki. Na saka ƙarafan tagulla a ƙafafun gaba don su ƙara nauyi, abin ya yi sauƙi, sai dai na bayan har yanzu suna ɗagawa in gangarar ta yi tsanani.