Yatsan da aka rubuta ko yatsan da aka naɗa: wanne ya fi kama kuskure?

Ɗan'uwa, ka ce duk lokacin da ka gyara manhajar da ke gane motsin yatsu a faifan shafawa na laftop, sai wani abu da ke aiki jiya ya lalace. Kana son gwajin da zai riƙa gudana da kansa, kuma kana tambayar wanne ya fi: ka rubuta motsin yatsun da hannunka, ko ka naɗi na mutum ka riƙa maimaitawa. Zan kafa misali da libinput, manhajar da ke fassara motsin faifan shafawa da linzami a Linux, wanda Peter Hutterer ke jagoranta, don duka hanyoyin biyu suna cikinsa.

Ta farko ita ce ta litest, tarin gwaje-gwajensu. Ana amfani da uinput, wani sashen Linux da ke ƙirƙirar na'urorin bogi, a ƙirƙiri faifan bogi, manhajar ta ɗauka na gaske ne. Sai ka rubuta: yatsa ya sauka a nan, na biyu a can, su ja ƙasa tare, amsar ta zama gungura shafi. Daɗinta shi ne komai na hannunka. A libinput, dangwalawa ita ce yatsa ya sauka ya tashi cikin milisakan 180, kana iya gwada ƙasa da wannan iyaka da samanta. In gwaji ya faɗi, layin da ya faɗi zai nuna maka inda gizo ke saƙa.

Amma yatsan da ka rubuta ya cika ladabi. Ɗora yatsu uku a kan faifanka ka lura da kyau: ɗaya ne ke fara taɓawa, sauran su biyo baya. Wani na rawa, tazarar da ke tsakaninsu na canzawa suna cikin tafiya, ga gindin tafin hannu na gogar gefe. A ɗan wannan tsakanin ne manhaja ke ruɗewa, ta ɗauki jan yatsu uku a matsayin gungurawar yatsu biyu, ko ta zaci tsunkulawa ce, wato matso da yatsu kusa da juna. Wasu tsofaffin faifai ma ba sa faɗin ainihin wurin kowane yatsa, sai dai akwatin da ya kewaye yatsu biyun da ke kai. Da wuya mutum ya zauna ya ƙago irin wannan daga kansa.

Nan naɗi ya yi zarra. Tun fitowar libinput 1.11 a 2018 akwai libinput record na naɗawa da libinput replay na maimaitawa, kafin su kuma da wata manhaja mai suna evemu ake yi. Mai ƙorafi zai naɗi abin da faifansa ya aika, da lokacin kowane motsi, ya turo maka, ka ga matsalar ba tare da ka mallaki irin laftop ɗinsa ba. Rauninsa: naɗi bai san amsar da ta dace ba, kai za ka faɗa. Kuma na na'ura ɗaya ne da hannu ɗaya. In kwamfutar gwajin ta yi nauyi, lokutan kan goce, abin da ya wuce da safe ya faɗi da yamma. Wannan ciwon yana taɓa litest ma.

Ni dai ga yadda nake yi, kuma shi nake ba ka shawara. Na naɗa, na maimaita har in gano ainihin motsin da ke jawo kuskuren, sannan in rubuta shi a gajeren gwaji. Kafin in taɓa gyaran, sai na ga gwajin ya faɗi tukuna. Naɗin kuma in ajiye shi tare da sunan na'urar da ya fito daga gare ta.